'Yata ta goge hannunta bayan zabiya ta taɓa ta: yaya zan gyara mata wannan hali?

Uwar 'Yan Uku (Kano):

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Akwai damuwar da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma na ga gara in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni renon yara da in zauna ina ta juya ta a zuciya.

'Yata ta tsakiya shekararta 5 da 'yan watanni, tana ajin ƙarshe na nazare. A farkon wannan zangon karatu aka kawo musu sabuwar yarinya, zabiya ce. Ranar Talata na je ɗauko ta da kaina saboda mai adaidaita sahun da ke jigilarsu bai samu zuwa ba. Ina tsaye a bakin ƙofar makaranta sai na ga yarinyar nan ta rugo da murna ta kama hannun 'yata don su fito tare, tawa kuwa ta fizge hannu ta goge shi a jikin hijabinta har sau biyu, kamar wadda ta taɓa ƙazanta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana ƙyafta ido saboda rana, sannan ta koma ta jingina da bango. Wallahi da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi, domin shirun da ta yi ya nuna mini cewa ba ranar aka fara yi mata haka ba.

A hanya na tambayi 'yata dalili, ta ce 'yan ajinsu sun faɗa mata duk wanda zabiya ta taɓa shi ma zai koma fari, wai kuma da dare idonta yana haske kamar na kyanwa. Wannan ya tuna mini da abin da ya faru bayan ƙaramar salla, lokacin da kawun mijina ya zo daga ƙauye da buhun gero, rigarsa duk ƙurar hanya, takalmin roba a ƙafarsa. Ita dai wannan yarinya ta shigo da gudu ta ce, "Mama, ga wani mai bara a zaure, in kai masa sauran tuwon jiya?" Alhali wannan dattijo shi ya sayar da bijiminsa ya biya wa mahaifinta kuɗin karatu. Ya yi dariya ya shafa kanta, ni kuwa kunya ta hana ni haɗa ido da shi har ya tafi.

Na yi mata faɗa sosai, mijina kuma ya ce yarinta ce, za ta daina. Ni hankalina bai kwanta da haka ba, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayata biyu ce. Ta wace hanya ake koya wa yaro ƙarami ya ji zafin abin da ya yi wa wani, ba don tsoron bulala ba? Sannan yaya zan haɗa wannan da gargaɗin da nake yi musu kullum cewa kada su kula baƙon da ba su sani ba, a wannan zamani na satar yara? Ina tsoron kada ya zama ni ce na dasa mata ƙyamar mutane da bakina.

Malama Mai Ritaya (Katsina):

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu, domin iyaye da yawa za su ga abin da kika gani su wuce. Na yi shekara 31 ina koyarwa a firamare, mafi yawansu a aji ɗaya da aji biyu, kuma abin da zan fara faɗa miki shi ne kada ki ɗauka 'yarki muguwa ce. Tsoro ne ya sa ta goge hannunta. An faɗa mata ƙarya, ta gaskata, ta yi abin da duk mai tsoro zai yi. Faɗa ba ya cire tsoro, abin da yake yi kawai shi ne ya koya wa yaro ya ɓoye shi a gaban manya, ya fito da shi bayan idonsu.

Akwai wani gwaji da wasu masana biyu, Heinz Wimmer da Josef Perner, suka wallafa a 1983. Ana nuna wa yaro ɗan tsana ya ajiye cakulan a wani kabad ya fita, uwarsa ta ɗauke ta mayar wani kabad ɗin, sai a tambayi yaron inda ɗan tsanar zai duba idan ya dawo. 'Yan shekara 3 sukan nuna inda cakulan take yanzu, domin a tunaninsu abin da suka sani kowa ma ya sani. Sai daga shekara 4 zuwa 6 ne yara suke fara gane cewa abin da ke cikin kan wani daban yake da abin da ke cikin nasu. Ke nan 'yarki yanzu take bakin ƙofar wannan fahimta, kuma wannan ne lokacin da tambaya ta fi umarni amfani a wurinta.

Ki zaunar da ita lokacin da hankalinku duka ya kwanta, ki tuna mata da wata rana da aka ƙi wasa da ita, ko yayyenta suka kore ta daga ɗaki, ki bar ta ta faɗi yadda ta ji da bakinta. Bayan ta gama sai ki tambaye ta, "Da kika fizge hannunki, me kika gani a fuskar ƙawarki?" Kada ki amsa mata, ko da ta yi shiru mai tsawo. Na sha ganin yaro ya fashe da kuka a wannan gaɓa ba tare da an taɓa shi ba, kuma wannan kukan ya fi bulala goma gyara hali.

Sannan ki ba ta gaskiyar lamarin a saukake. Zabiya mutum ce kamar kowa, jikinta ne ba ya samar da isasshen sinadarin da ke ba fata da gashi da ido launi, wanda likitoci ke kira melanin. Gado ne da ake ɗauka daga uwa da uba baki ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne, kuma ba ya yaɗuwa ta taɓawa ko cin abinci tare. Rana tana ƙona fatarsu ƙwarai, kuma yawancinsu ba sa gani da kyau, shi ya sa kika ga tana ƙyafta ido. A nan ne nake so ki mai da hankali: da wuya idan yarinyar nan tana iya karanta abin da aka rubuta a allo daga nesa. Ki roƙi malamar ajin ta dawo da ita layin gaba, nesa da hasken taga, ta kuma zaunar da 'yarki kusa da ita da aikin karanto mata abin da ke kan allo. Yaron da aka ɗora wa amanar wani yakan fara kare shi, kuma kafin wata guda za ki ji tana gyara wa 'yan ajin ƙaryar da suka faɗa mata.

Tun da kin ce ta tsakiya ce, ina tsammanin akwai goyo a gidan. A Toronto ta ƙasar Kanada wata malama mai suna Mary Gordon ta fara wani shiri a 1996 inda ake kawo jariri da uwarsa cikin aji lokaci zuwa lokaci, ɗalibai suna lura da kukansa da murmushinsa suna ƙoƙarin gano abin da yake ji. Su sai sun aro jariri, mu kuwa yana kwance a tsakar gidanmu. Idan ƙaninta ya yi kuka, ki tambaye ta ko yunwa ce, ko barci, ko zafi, ki bar ta ta yi nazarin fuskarsa kafin ki ɗauke shi.

Malamin Islamiyya (Maraɗi):

Hajiya, Malama ta yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan taɓo ɓangaren da ya shafe mu manya, domin a ganina maganar da 'yarki ta yi wa kawun mahaifinta ta fi ta farko nuna inda matsalar take. Yarinyar ta ga ƙura da takalmin roba ta ce mai bara ne, ta kuma san cewa abin da ake ba mai bara shi ne tuwon jiya. Wannan lissafi ba 'yan ajinsu ne suka koya mata ba, a ƙofofin gidajenmu ta gan shi.

Bari in faɗi nawa. Akwai almajirin da ya yi fiye da shekara yana zuwa gidana yana yi mana ɗebo ruwa, kuma ban taɓa tambayar sunansa ba, "kai almajiri" kawai nake cewa. Wata rana ina alwala na ji ɗana, wanda bai kai shekara 4 ba, yana cewa "kai almajiri, zo nan" da muryata sak, har da yadda nake jan ƙarshen maganar, yana miƙa masa kwano da hannun hagu. Almajirin ya girme shi da aƙalla shekara 6. Na idar da alwala jikina a sanyaye, domin a ranar da safe na karantar da ɗalibaina aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, tana cewa wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi masu yin alheri, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi. Mu kuwa laƙabi ya zame mana suna: gurgu, makaho, bebe, kuturu, mahaukaci, da su muke kwatancen mutane a gaban yara, har da su muke tsoratar da su idan sun ƙi barci. Uwar da ta ce "ka yi shiru ko in kira kuturu ya tafi da kai" ta gama koya wa ɗanta cewa mai lalura abin gudu ne, kuma babu wa'azin da zai goge wannan cikin sauƙi.

Yara suna son labari, kuma muna da na gaskiya da ya fi ƙarfin kowace tatsuniya. Ki ba ta labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a daidai lokacin da yake magana da manyan Ƙuraishawa, aka saukar da farkon Suratu Abasa a kan lamarinsa. Wannan sahabi ya zama ladan tare da Bilal, kuma an sha barin sa yana jagorancin salla a Madina idan an fita yaƙi. Sura ce da yaranmu ke haddacewa tun suna ƙanana ba tare da an taɓa faɗa musu cewa saboda wani makaho aka saukar da ita ba. Shawarata ta aiki ita ce ki tambayi almajirin gidanku sunansa a gaban yaran, ku riƙa kiransa da shi, kuma abin da za a zuba masa ya fito daga tukunyar da kuke ci. Idan kawun ya sake zuwa, ita za ki sa ta shimfiɗa masa tabarma ta kai masa ruwa, bayan kin ba ta labarin bijimin da ya sayar.

Mai Gyaran Waya (Kaduna):

Hajiya, ni ina cikin waɗanda ake kallo, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. Shan inna ta kama ni ina shekara 2, da keken hannu nake yawo, kuma ina da shagon gyaran waya da nake ciyar da mata da 'ya'ya 4 da shi, har da yara biyu da ke koyon aiki a ƙarƙashina. Alhamdu lillahi a watan Agustan 2020 an tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan a cikinku.

Abin da nake so ki kiyaye shi ne kada ki cire wa 'yarki ƙyama ki maye mata gurbinta da tausayin da ke ƙasƙantar da mutum. Sau da yawa ina jiran tsallaka titi da kuɗin cinikina a aljihu sai wani ya jefo mini naira ashirin a cinya ya ce "Allah sarki", bai gaishe ni ba, bai kalli fuskata ba. A zuciyarsa alheri ya yi, amma shi ma kallon kitse ya yi wa rogo, domin daga ganin keke ya yanke cewa bara nake yi. Idan kika koya wa 'yarki ta riƙa cewa "wayyo, abar tausayi" duk lokacin da ta ga zabiyar nan, yarinyar za ta gane, kuma zai yi mata ciwo kamar goge hannun. Ita ƙawa take nema, wadda za su yi 'yar gala-gala tare, su yi faɗa a kan fensir su shirya.

Abu na biyu, ku daina toshe bakin yara idan sun yi tambaya. Yaro yakan tsaya gabana ya ce, "Me ya sami ƙafarka?" sai uwarsa ta make masa baki ta ja shi da sauri tana ba ni haƙuri. Tambayar ba ta taɓa ɓata mini rai ba, jan da aka yi masa ne yake ɓata mini, domin an nuna masa cewa ni abin kunya ne da ba a magana a kansa. Wanda aka bari ya tambaya nakan ce masa ciwo ne ya same ni ina ƙarami, shi ya sa ake ɗiga muku allurar rigakafi, in kuma bar shi ya murza hannun keken. Washegari shi ne zai fara gaishe ni daga nesa. Tun watan Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Najeriya, amma doka ba ta shiga tsakar gida, iyaye ne ke can.

Baban Yara (Kano):

Ban ga wanda ya amsa tambayarki ta biyu ba, kuma ita ce ta fi damuna a matsayina na uba. Ina goyon bayan duk abin da aka faɗa, amma ba na so mu wuce gona da iri har yaro ya ɗauka cewa laifi ne ya ji bai aminta da wani ba. Idan yarinya ta ce ba ta son wane ya riƙa ɗaukarta ko ya keɓe da ita, wannan magana ce da ya kamata a saurara da kyau, ko da wanen ɗan'uwa ne na jini, kuma kada a ce mata ta cika zargi.

Gyaran da na yi a gidana shi ne na daina danganta haɗari da kamanni. Mu mutanen Kano ba mu manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a ƙarshen 2021 aka kuma hallaka ta ba, kuma wanda kotu ta samu da laifi a 2022 shi ne mai makarantar da take zuwa, mutumin da ta sani, iyayenta suka sani, mai tufafi masu tsabta. Babu gargaɗin "ki guji mai tsumma" da zai cece ta. Tun daga lokacin dokokin da na ba 'ya'yana a kan aiki suke: ba a bin kowa zuwa ko'ina sai Mama ko Baba sun faɗa da bakinsu, ba a shiga abin hawan kowa, ba a karɓar alawa a ɓoye, kuma duk babban da ya ce "kada ka faɗa wa mamanka" to a ranar za a faɗa mata. Waɗannan dokoki sun hau kan malami da maƙwabci da baƙo daidai wa daida. Gaisuwa kuwa da kyakkyawar magana haƙƙin kowa ne, mai babbar riga da mai yagaggiya. Da na raba musu abin haka, sai na ga sun daina ruɗewa, domin yaro zai iya durƙusawa ya gai da tsoho mai ƙura a zaure, ya kawo masa ruwa, ba tare da ya bi shi ya fita ƙofa ba.

Uwar 'Yan Uku (Kano):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada abin da kuka faɗa tukuna. Mama Malama, na yi mata tambayar nan da daddare bayan sallar isha'i, ta yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke ta, can sai ta ce, "Bakinta ya yi kamar za ta yi kuka amma ta haɗiye." Malamar ajin ta yarda ta dawo da su layin gaba, kuma ta ce ita kanta ba ta lura cewa yarinyar ba ta ganin allo ba, ta ɗauka rashin mai da hankali ne yake sa ta kwafi ba daidai ba.

Ranar Asabar na kai ta gidansu yarinyar. Mahaifiyarta baƙa ce kamar ni, abin da ya ba 'yata mamaki har ta tambaye ta a fili, ni kuma na tuna da maganar ɗan'uwanmu na Kaduna na bar ta. Matar ta amsa mata da fara'a, ta nuna mata man da take shafa wa 'yar saboda rana da malafar da take sa mata, ta kuma faɗa mini cewa wannan ce makaranta ta biyu da suka canza saboda tsangwama. Ba zan ce komai ya gyaru ba, domin shekaranjiya ta dawo tana cewa wasu sun daina wasa da ita saboda tana zama da zabiya, kuma na ga abin ya dame ta sosai. Gobe zan koma wurin malamar mu tattauna yadda za a yi wa ajin bayani gaba ɗaya.

Malam, na tambayi almajirinmu sunansa a gaban yaran kamar yadda ka ce. Ashe sunan surukina ne da shi, wanda ba na iya faɗa, don haka Mai Sunan Baba nake kiransa yanzu, yaran ma suka ɗauka. Daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja aka kawo shi, kuma ya ce yana da ƙanwa sa'ar 'yata da rabonsa da ganinta tun babbar sallar bara.